Ku bar wa Blonde on Blonde faifansa biyu

Na ga wani rubutu da aka sa, na kuma ga masu jinjina masa a ƙasa, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Wai a ɗauki Blonde on Blonde, kundin waƙoƙin mawaƙin Amurka Bob Dylan, a tsince waƙoƙi 7 "masu daɗi" a zubar da sauran, musamman ta ƙarshen nan mai minti 11, wai da Bob Dylan ya yi haka tun 1966 da aikin ya fi kyau. Malam, ba ka saurari wannan kundi ba. Ka dai latsa, ka tsallake, ka sake latsawa, ka ji kan wannan ka ji wutsiyar waccan, sannan ka zo ka yanke hukunci. Abin da ya fi ɓata mini rai ma masu cewa "gaskiya ne" a ƙasa, alhali da yawansu na san ko sau ɗaya ba su taɓa zama sun ji shi daga farko har ƙarshe ba.

Faifai biyu ne, fuska huɗu. A haka aka gina shi, kuma a haka ake jin sa. Fuska ɗaya ta faifan garmaho irin na wancan zamani ba ta ɗaukar fiye da minti 20 da 'yan kai, shi kuwa Dylan ya tashi da waƙoƙi 14 da suka haura minti 70. Sai aka raba su: huɗu a fuskar farko, huɗu a ta biyu, biyar a ta uku, sannan guda ɗaya tilo a ta huɗu. Guda ɗaya! Da akwai wurin da za a cusa wata a gefenta, amma aka bar ta ita kaɗai, ka tashi da ƙafarka, ka juya faifai, ka ɗora allura saboda ita. Wanda ya yi wannan rabo ya san abin da yake yi. Ba rashin almakashi ba ne ya hana shi yanka.

Dubi fuskar farko kawai. Tana buɗewa da "Rainy Day Women #12 & 35", kiɗa irin na 'yan badujala, ga busa, ga ihu, ga dariyar makaɗa a cikin situdiyo ba a goge ba. Ita ce ta kai matsayi na 2 a jerin waƙoƙin Amurka, wasu gidajen rediyo kuma suka ƙi sa ta don zargin tana habaici da shaye-shaye. Ni ba ita ce zaɓina ba a cikin 14 ɗin, amma ban yarda a taɓa ta ba, domin aikinta take yi. Bayan wannan hayaniya sai "Pledging My Time" ta ja ka a hankali, ta sauke maka bugun zuciya, sannan hamonika ta buɗe "Visions of Johanna", waƙar dare ta minti 7 da rabi, ta mutumin da yake zaune da wata a ɗaki amma hankalinsa na wajen wadda ba ta nan. Nauyin da take saukar maka ya samo asali ne daga shewar da ka baro a baya. Ka cire ta daga gurbinta, ka jefa ta tsakanin waƙoƙin da waya ta cakuɗa maka, za ta yi daɗi, babu musu, amma rabin ƙarfinta ya tafi. Jeri ne. Tsari ne. Shi ne abin da nake ta faɗa kuka ƙi ji.

Kuma wannan kundi ba a sama aka tsince shi ba. Tun watan Oktoban 1965 Dylan yake fama a situdiyon kamfanin Columbia a New York tare da makaɗansa The Hawks, waɗanda daga baya suka zama The Band. An yi zama bayan zama har Janairun 1966, amma daga duk wannan wahala waƙa ɗaya ce kacal ta shiga kundin, wato "One of Us Must Know". Ita kanta "Visions of Johanna" an yi ta gwada ta a New York ta ƙi zama. Mai kula da ɗaukar aikin, Bob Johnston, shi ya dage sai an tafi Nashville a jihar Tennessee, cibiyar kiɗan country, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka. A idon mutanen New York na lokacin wannan shawarar banza ce: me zai kai mai tarin suma da baƙin tabarau garin masu waƙoƙin ƙauye? Amma Dylan ya riga ya ɗanɗana, domin Charlie McCoy, ɗan Nashville, shi ya kaɗa masa jita a waƙarsa "Desolation Row" a watan Agustan 1965. Da ɗan gari akan ci gari. A watan Fabrairun 1966 ya sauka can, ya taho da Al Kooper mai ogan, a zagayen ɗauka na gaba kuma ga jitar Robbie Robertson tana yanka. Ya tarar da McCoy, da Kenny Buttrey mai ganguna wanda bai wuce shekara 20 ba, da Wayne Moss, da Joe South, da Hargus Robbins, makahon da ke kaɗa piyano. Johnston ya sa aka kwashe katakan da suka raba ɗakin, makaɗa suka zauna kusa da juna suna kallon juna. A ranar farko waƙar da ta gagari New York ta zauna daram. Ka saurari jitar bes ta Joe South a cikinta, yadda take tafiya a ƙarƙashin murya ba ta taɓa shiga gabanta ba.

Yanzu ga wadda kuka ce a zubar. Waɗannan makaɗa na Nashville sun saba da aikin agogo: a shigo, a kaɗa waƙoƙi uku ko huɗu na minti 3 kowacce cikin awa 3, kowa ya kama gabansa. Dylan ya zo ya zaunar da su tun yamma, ya ce bai gama rubutu ba. Suka yi ta buga karta, wasu suka kishingiɗa, shi yana can gaban piyano yana rubutu yana gogewa. Sai wajen ƙarfe 4 na asuba ya kira su. Bai gaya musu tsawon waƙar ba. Buttrey ya ba da labarin da bakinsa: bayan baiti na biyu suka ɗauka an zo ƙarshe, kowa ya ƙara wuta don a rufe, sai mutumin ya busa hamonika ya shiga wani baitin, dole suka sauko. Suka sake hawa, ya sake shiga wani. Haka har baiti 5. Wannan hawa da sauka yana nan a faifan, kunnenka zai ji shi in ka ba shi dama: makaɗa da suka ƙure ƙarfinsu tun tsakiyar hanya, suna neman inda za su samo ƙari, suna kuma samowa. Wannan ce "Sad Eyed Lady of the Lowlands". Dylan ya auri Sara Lownds a watan Nuwamban 1965, wata uku kafin wannan dare, kuma bayan shekara 10, a kundin Desire, da bakinsa ya ce don ita ya rubuta ta. Ango ne yake zayyana amaryarsa siffa bayan siffa, ya rasa inda zai tsaya. Ka ce a rage ta ta koma minti 4? To me ya saura? Tsawon shi ne maganar. George Harrison na ƙungiyar mawaƙan Ingila The Beatles ya rubuta cewa daga tsarin kiɗanta ya samo na waƙarsa "Long, Long, Long". Shi ya ji abin ɗauka a ciki, kai ka ji abin yankewa.

Na san abin da za a ce. Wai zamani ya canja, ba wanda yake da lokacin zama minti 70. Wannan magana ba ta shige ni. Mutumin da zai kwashe awa 2 yana jan allon waya da babban yatsa ba shi da bakin cewa ba shi da lokaci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce Bahaushe ne yake ƙorafin tsawon waƙa. Mu da muka tashi muna jin Bakandamiyar Shata, wa ya taɓa riƙe wa Alhaji agogo? Wa ya taɓa cewa a tsince baitoci uku masu daɗi a bar sauran? Kunnenmu ya san waƙar da ake shiga cikinta a zauna, amshi na dawowa, kiɗa na juyawa, mawaƙi na ƙara zurfi. Wannan kunnen nake roƙo a kawo nan, ba wani sabo ba.

Wai muryarsa ta hanci ce, bai iya rerawa ba. An faɗi haka tun kafin a haifi mai faɗa, bai kuma rage komai ba. Ka saurari yadda yake jan kalma a "Just Like a Woman", yana jinkirta ta har ka ɗauka kiɗa zai bar shi, sai ya faɗo daidai kan gaɓa. Wanda bai iya ba ba ya haka. Wai ba a gane abin da yake nufi. Turawan da harshensu ne ma suna ta jayayya a kai kusan shekara 60, kuma a 2016 an ba shi kyautar Nobel ta adabi. Ba sai ka warware kowane baiti ba kafin ya taɓa ka. Wai kiɗan Turawa ne, ina ruwanmu. To wa ya kawo zancen? Ai wanda ya ce a yanka shi ya fara, ni amsa nake bayarwa.

Wasu kuma sun fi wayo, suka ce to a bar ta ƙarshen, amma fuska ta uku tana da cikon benci. Ban yarda ba. "Most Likely You Go Your Way and I'll Go Mine" ce ta buɗe ta da busa da zafin rabuwa, "Temporary Like Achilles" ta zo da piyanon Robbins mai nauyi, "Absolutely Sweet Marie" ta ɗauke ka da gudu, "4th Time Around" ta sassauta, sannan "Obviously 5 Believers" ta rufe da ƙara da ƙarfi. Me ya sa aka rufe da ƙara? Don shirun da za ka ji lokacin juya faifai, da sanyin da zai biyo baya. In ka cire su ka isa fuska ta huɗu ba tare da ka yi tafiyar ba, za ka same ta doguwa, za ka gaji, sai ka zo ka rubuta mana cewa ta yi tsawo. Abin da ya faru da marubucin nan ke nan.

A kuma tuna da wanda ya yi aikin da halin da yake ciki. An haife shi a watan Mayun 1941, ke nan yana da shekara 24 lokacin da ake ɗaukar waƙoƙin nan. Cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi ya fitar da kundi uku: Bringing It All Back Home, da Highway 61 Revisited, da wannan. A watan Yulin 1965 ya hau dandalin bikin waƙoƙin gargajiya na Newport da jita mai lantarki, wasu masoyansa suka yi masa ihu, don a ganinsu ya ci amanar kiɗan talakawa. A watan Mayun 1966 a Manchester ta Ingila wani ya daga murya cikin taro ya kira shi Yahuza, wato maci amana. A tsakiyar wannan tsangwama ya haɗa abin da ake kira folk rock, wato waƙar gargajiya da kiɗan lantarki, da blues, kiɗan baƙar fatar Amurka, da hannun makaɗan country, ya fitar da sautin da daga baya, a 1978, ya ce shi ne mafi kusa da abin da yake ji a cikin kansa. Kundin ya kai na 9 a Amurka, na 3 a Birtaniya, duk da tsadar faifai biyu a lokacin da kusan ba wanda yake yin haka a kiɗan rock. Ranar 29 ga Yulin 1966 ya yi hatsarin babur kusa da Woodstock, ya janye daga idon jama'a, da ya dawo kuma da wani salo daban ya dawo. Bai sake yin irin wannan ba. Abin da aka yi sau ɗaya tak, ya ishe mu mu ce ya yi yawa?

Roƙona ɗaya ne, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Ba sai kana da garmaho ba. Ka samu dare guda, ka kashe abin nan da ke cakuɗa waƙoƙi, ka kife wayar, ka fara daga ta farko. Bayan ta 4 ka tsaya kaɗan, bayan ta 8 ka tsaya, bayan ta 13 ka tashi ka sha ruwa ka dawo. In ka gama har yanzu kana ganin a yanka, zo mu yi magana, zan saurare ka da mutunci, domin a lokacin ka ji abin da kake magana a kai. Kafin nan, ƙanena, ka ajiye almakashin.

Af, wani ya turo mini hoton bangon yana tambaya ko bugun jabu ne ya sa hoton ya yi dishi-dishi. A'a, haka yake. Jerry Schatzberg ne ya ɗauka a titin New York cikin tsananin sanyi, yana da wasu hotunan da suka fita tas, amma Dylan ya zaɓi wannan. Babu sunansa babu sunan kundin a gaba, kuma in ka buɗe bangon sai ka juya shi a tsaye kafin ka ga mutumin da rigarsa da mayafin wuyansa. A bugun farko na Amurka akwai hoton 'yar fim ɗin Italiya Claudia Cardinale a ciki, daga baya aka cire don ba a nemi izini ba. Duk wanda ya gaji tsofaffin faifai a gida ya buɗe ya duba. Kuma don Allah wanda ya san mai gyaran garmaho da ke da allura mai kyau a Kano ko Kaduna ya yi mini magana ta akwatin saƙo.