Sewanee: shekarar 1940 ta fi 1899 cancantar yabo

Masu bin tarihin ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da gudu ana ture juna, ba sa gajiya da labarin Sewanee. Ƙaramar jami'a ce ta cocin Episcopal a kan dutse a jihar Tennessee, kuma a 1899 ɗalibanta ba su kai 400 ba. A Nuwamban shekarar 'yan wasanta suka hau jirgin ƙasa, suka yi tafiyar kusan mil 2,500, suka buga wasa biyar da wasu jami'o'i cikin kwana shida: Texas a Austin, Texas A&M a Houston, Tulane a New Orleans, hutun Lahadi, sai LSU a Baton Rouge da Ole Miss a Memphis. Duk suka yi nasara, maki 91 da babu. A kakar baki ɗaya sun ci wasa 12 cikin 12, kuma Auburn ce kaɗai ta samu maki a kansu.

Bajinta ce, ba na musu. Amma a tambayi abin da ya fitar da yaran nan daga aji. Kuɗi ne. Sun saɓa da jami'ar Vanderbilt kan rabon kuɗin ƙofa, wasan da ya fi kawo musu riba ya rushe, sai manajan ƙungiyar, wani ɗalibi mai suna Luke Lea, ya shirya wannan doguwar tafiya don cike giɓin. Da jikin samari aka biya bashin. A wancan zamani kariyar jiki ba ta taka kara ta karya ba, kuma wanda aka fitar daga fili ba ya komawa, saboda haka mai rauni sai ya cije ya ci gaba. Akwai kuma baƙaƙen fata biyu da suka riƙa kwana suna matsa wa 'yan wasan jiki a cikin jirgi, aka daɗe ba a ko ambatonsu. Wannan yana ci mini rai.

Ba a jima ba abin ya kai intaha. A 1905 mace-macen 'yan wasa suka sa shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadar White House, aka sauya dokoki a 1906, aka halatta jefa ƙwallo gaba, aka kafa hukumar da ta zama NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka.

Abin da ya fi burge ni ya zo daga baya. Sewanee na cikin jami'o'in da suka kafa gasar SEC ta jami'o'in kudu maso gabashin Amurka a 1932, amma manyan jami'o'in jihohi sun riga sun yi mata nisa a yawan ɗalibai da dukiya. Kaka takwas ta yi, wasa 37, ba ta ci ko ɗaya ba. Tana iya cin bashi ta kwaso ƙarti da sunan ɗalibai. Shugabanta Alexander Guerry ya ƙi, ya janye ta a 1940, daga baya ta daina ba da tallafin karatu saboda wasa.

Wasu za su ce tsoro ne, kuma makarantar ta yi asarar suna da kuɗin talabijin da 'yan SEC ke kwasa yanzu. Asarar gaskiya ce. Sai dai kowa ya san tsawon ƙafarsa, kuma an gina makarantar ne don karatu. Har yau ana buga ƙwallo a kan dutsen nan, a rukuni na uku na NCAA, inda ɗan wasa yake shiga jami'a ta ƙofar da kowane ɗalibi ya bi.