Ƙannena ɗalibai, wa ya kore ku daga ajin Ingilishi?

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata.

Makon jiya na shiga jami'armu ta Damagaram karɓar wata takarda, sai na ce bari in leƙa ajin Ingilishin nan na bayan la'asar in gai da malaminmu. Na iske shi tsaye gaban allo, kujeru reras ba kowa a kansu, waɗanda ke zaune ba su cika goma ba. Bayan mun gaisa na ce, "Malam, yajin aiki ake yi ne?" Ya yi murmushi ya ce a'a, haka ajin yake tun da aka shiga wata na biyu. Ya ce farkon shekara har a taga ake tsayuwa, yanzu kuwa ya san kowa da sunansa, har ya san wanda ba ya zuwa ran Alhamis don yana taya babansa tsaron shago a Kasuwar Dole. Da na fito sai ga ku nan jingim a inuwa, an ɗora shayi, kowa da waya a hannu.

Ban zo da faɗa ba, don ni ma abin da na yi ke nan. Lissafin da kuke yi na san shi ciki da waje. A tsarin LMD, wato lisans, masta da dokta, kowane zango kredi 30 ne, kafin a ba ka lisans sai ka haɗa 180. Wannan aji kuwa ko kredi ɗaya ba shi da shi, ba a kiran suna, ba jarrabawa, wanda ya zo da wanda bai zo ba duk takarda ɗaya za su fita da ita. Sai mu ce "ai ba ya shiga lissafi", mu kama gabanmu. Tun muna firamare aka saba mana da cewa karatu shi ne abin da za a tambaye ka a ba ka maki, har muka girma muna ganin duk abin da ba a auna shi ba to ba shi da nauyi.

Ni ranar da aka auna ni a kansa ba a cikin jami'a ba ne. Bayan na gama lisans wata ƙungiyar agaji ta nemi ma'aikatan da za su riƙa shiga ƙauyukan wajen Magariya da Matamaye. Na yi jarrabawar rubutu da Faransanci na ci, aka kira ni ganawa. Mutum uku ne a teburin. Biyu suka yi mini tambayoyinsu na amsa har ina jin daɗin kaina. Ta ukun, wata baƙuwa, ta dube ni ta ce da Ingilishi in gabatar da kaina, in faɗi abin da na karanta da dalilin da ya sa nake son aikin. Na gane tambayar sarai, wannan shi ya fi yi mini ciwo. Na faɗi sunana, na faɗi garinmu, daga nan harshe ya ɗaure. Shekara 7 ina Ingilishi, 4 a kwaleji 3 a lise, na ci shi a BEPC, jarrabawar gama kwaleji, na ci shi a bak, ta gama lise, amma jimla biyar a jere ta gagare ni. Matar ba ta kunyata ni ba, ta koma Faransanci muka ƙarasa. Sai dai na ga ta duƙa ta rubuta wani abu a takardarta, kuma har yau ban manta yadda zufa ta jiƙa mini riga a ɗaki mai sanyi ba. Da na fito, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne ajin nan da na yi shekara 3 ina wucewa ta ƙofarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da wani zai ce: mu ƴan Damagaram me ya haɗa mu da Ingilishi, ga Hausa? Daga nan zuwa Kano bai kai kilomita 300 ba, alhali Yamai kusan 900 ce, kuma in ka sauka Kantin Kwari ko Kurmi da Hausarka za ka yi ciniki har ka nemi ragi. Gaskiya ne, baki Hausa ta ishe shi. Amma a can duk abin da ya hau takarda Ingilishi ne. Rasiɗin kaya, takardar kwastan, sakamakon gwajin asibiti in ka kai mahaifiyarka neman magani, fom na shiga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello a Zariya in kana son ƙaro karatu. Ɗan kasuwar da bai yi lakwal ba yana da uzuri in ya miƙa wa wani ya karanta masa. To kai da aka ce kana jami'a, in kawunka ya miƙo maka takardar maganin da aka sayo daga Najeriya ya ce "ɗana, duba mini nawa ake sha", me za ka ce masa?

Ko a gida ma abin ya canja. Kundin sake gina ƙasa da gwamnatin Nijar ta ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Mun yi murna da na farkon, kuma ya cancanci murna, amma kamar ba mu karanta layi na biyun ba. Ga matatar mai ta SORAZ a arewacin gari tun 2011, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana tare da kamfanin CNPC na ƙasar Sin. Harkar man fetur a ko'ina, littattafan injuna da ƙa'idojin tsaro da yawancin kalmomin sana'ar da Ingilishi suke zuwa. Ku masu karatun kimiyya da kiwon lafiya da kwamfuta kuwa, ranar da za ku zauna rubuta memwar, wato kundin binciken gama karatu, za ku gane cewa mafi yawan sababbin binciken da malaminku zai ce ku karanta ba da Faransanci aka buga su ba. Wanda ke hangen bursu na waje, jami'o'i da yawa sai sun ga sakamakon jarrabawar gwajin Ingilishi ta IELTS ko TOEFL. IELTS kashi huɗu ne, saurare da karatu da rubutu da magana, makin ƙoli 9, kuma galibi ana neman 6 ko 6.5. Kuɗin zama jarrabawar kaɗai ba na wasa ba ne, balle na shiri a cibiyoyin kuɗi. Abin da za ku je ku biya jikkuna a kansa gobe, shi ne ake ba ku yau ba ko dala.

Kakanninmu ba su jira maki ba. Zamanin Sarkin Damagaram Tanimune, lokacin da ayari ke tasowa daga Tarabulus ya sauka a unguwar Zango kafin ya wuce Kano, fatake da masu masauki sun iya abin da za su yi ciniki da shi na Larabci da Buzanci da Barbarci, don sun san inda abincinsu yake.

Sai batun waya. Ni ma ina amfani da manhajar fassara, tana taimako ƙwarai wurin karatu. Amma a gaban matar nan wayata tana cikin aljihu, kuma ba a ce da mai tambaya "dakata in duba". Ban da haka, wanda bai san harshen ba ko kaɗan, ba ya gane lokacin da fassarar ta kauce hanya, sai ya kwafe kuskure ya sa hannu a ƙasa.

Abin da na fi zargi, fiye da lalaci, shi ne kunya. Mu kanmu muke kashe wa juna gwiwa. Mutum ya buɗe baki ya karya kalma ɗaya, sai aji ya ɗauki dariya, a fita waje a laƙa masa suna har ya gama jami'a. Sai kowa ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƴan mata abin ya fi shafa, don in ɗaya ta yi ƙoƙari sai a ce tana iyayi, tana son a san da ita. Na san wata da muka yi aji ɗaya, ta fi mu duka kunnen harshe, amma ta daina ɗaga hannu saboda bakin samari, ni ma ina cikin masu dariyar, Allah ya yafe mana. Wallahi wanda ke karya Ingilishi a cikin aji ya fi wanda ke gyara masa daga gindin bishiya. Kuma ku lura, ajin da ba maki shi ne kaɗai wurin da za ka yi kuskure ɗari ba a rage maka komai ba.

Akwai uzurin da na yarda da shi. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, mutum ya wuni a amfi, babban ɗakin lacca, tun safe, ga yunwa. Wanda ke zaune a Birni ko Garin Malam, in ya koma gida cin abinci sai ya sake biyan kabu-kabu kafin ya dawo, in bursu ya yi jinkiri kuwa ba a magana. Wata an ce lallai ta kasance gida kafin magariba. Wasu kuma sun ce nahawun da aka yi musu tun kwaleji ake maimaitawa, sun gaji. Duk na ji. Amma a cikinku wa ya taɓa zuwa ya faɗa wa malam haka? Na tambaye shi, ya ce ba ko ɗaya, sai dai ya ga kujerun da ba kowa a kansu suna ƙaruwa. Sulalewa ba ta gyara komai, iyaka wata rana a duba a ga ba masu zuwa a rufe ajin, ƙannenku su zo su tarar babu.

Ku haɗa kai ku tura delegenku, wakilin ajinku. In lokacin ne bai yi ba, ku nemi a mai da shi safiyar Asabar ko tsakanin darussa biyu, yadda ba sai an koma gida an dawo ba. In nahawun ne ya ishe ku, ku ce kuna son magana: yadda ake gabatar da kai, yadda ake rubuta takardar neman aiki, yadda ake karanta taƙaitaccen bayanin da ke saman kowane bincike. Malam ya ce mini shi ma abin da ya fi so ke nan, amma da mutum bakwai masu sunkuyar da kai ba ya yiwuwa. A fada kuma, tsakanin shayi na farko da na biyu, ku ware minti 20 ba Hausa ba Faransanci, wanda ya yi wa wani dariya shi ke sayen sukarin gobe.

Ni dai na roƙi malam ya bar ni in riƙa zama a kujerar baya duk ran Talata, ya ce bismilla. Na saya sabon kaye tun jiya.