Yadda Na Gaji Aikin Ɗan Damfara

Ina zaman zamana na karanta a waya cewa a shekarar 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗi cewa kaɗaici na iya cutar da mutum kamar shan sigari kara 15 a rana. Na ƙara dubawa, sai na ga tun 2018 Birtaniya ta naɗa minista mai kula da kaɗaici, Japan ma ta bi sahu a 2021. Na ce ikon Allah, ashe rashin abokin hira har minista gare shi. Nan take tausayin tsofaffin duniya kaf ya cika mini zuciya. Da yake ba zan iya da su duka ba, sai na zaɓi guda ɗaya.

Akwai wani dattijo da nake gani kullum a bencin da muke jiran bas da safe. Bas ta zo ta tafi, wata ta zo ta tafi, shi yana nan da sandarsa da wata tsohuwar waya mai madannai. Ban taɓa ganin ya hau ba, ban kuma taɓa ganin wani ya zauna kusa da shi ba. Na gyara riga, na matsa, na ce, "Sannu da hutawa, Baba."

Shiru. Na sake faɗa, shiru. Sai na cika huhu na kwarara masa gaisuwar da duk mai jiran bas sai da ya waiwayo.

Ya ɗago a razane. "Yaro, wa ya mutu?"

Na ce babu kowa, gaisuwa ce. Ya ce to in gaisuwa ce in zagayo ta kunnen hagu, in kalle shi ido da ido, in yi magana a hankali. Ihu, in ji shi, ba ya ƙara masa komai sai ciwon kai, domin kunnen tsufa siraran sautuka yake fara zubarwa, irin su "s" da "f", saura kuma a leɓen mai magana yake tsinta. Na zo ba da taimako, ga shi tun ban zauna ba an fara ba ni darasi.

Da muka ɗan saba, sai ya miƙo mini wayar, ya ce ta cika, saƙo ba ya shiga. Na ji daɗi, ga aikin lada ya kawo kansa. Saƙonnin duk na kamfanin waya ne masu tallan garaɓasa, na yi ta gogewa. Jerin kiran da na leƙa ne ya tsaya mini a rai: lamba ɗaya ce tal daga sama har ƙasa, kullum da safe. Ina cikin kallonta sai ga ta ta shigo. Na ɗauka.

"Barka da safiya, Baba, daga banki ne. Ya gwiwar? To mu ci gaba da lambobin katin nan, kada a rufe maka asusu."

Jinina ya tafasa. Babu bankin da ke kiran mutum ya nemi lambobin katinsa ko lambar sirri, wannan kowa ya sani. Na wanke mutumin tas, na tuna masa da kabari da ranar hisabi, na tambaye shi ko shi ba shi da uba. Sannan na kashe, na toshe lambar, na miƙa wa Baba wayarsa ina jiran addu'a.

"Wa ya kira?"

"Ɓarawo ne, Baba. Na toshe shi, ba zai sake damunka ba har abada."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, cikin muryar wanda aka yi wa rasuwa, "Ka toshe Manaja?"

Ashe Baba ya san ɗan damfara ne tun kiran farko. Katin da ake magana ma ya daɗe da daina aiki, sabon yana hannun babban ɗansa. Abin da yake yi shi ne, kati lamba 16 gare shi, to shi lamba ɗaya yake bayarwa a rana, ita ma ta ƙarya, kuma ba ta fita sai da labarinta. In ya ce bakwai, sai ya ce af, wannan ta tuna masa shekarar da aka haifi babbar 'yarsa, daga nan sai labarin daren haihuwar, da motar da ta mutu a hanya, da maƙwabcin da ya tura ta. Manaja yana can yana cewa "Allah sarki, Baba, sai lamba ta gaba?" Da sun kusa ƙarshe, sai Baba ya ce ya rikice, a koma farko.

"Shi kaɗai ne ke kirana kullum," in ji shi. "Kuma da kuɗinsa. Ya fi 'ya'yana sanin halin da gwiwata ke ciki."

Ba wai 'ya'yan sun yar da shi ba ne, kada in ɗauki alhakinsu. Suna nesa, suna aiko da kuɗi, suna biyan magani, suna kira a ƙarshen mako su tambayi ko ya ci abinci, ya ce ya ci, su ce to madalla. Babu wanda a cikinsu ke da lokacin jin yadda aka tura mota. Daga baya na ga labarin cewa a 2024 kamfanin waya na O2 a Birtaniya ya ƙirƙiro wata tsohuwa ta kwamfuta mai suna Daisy, aikinta kawai ta riƙe 'yan damfara a waya da surutu har su gaji. Su sai da suka tara injiniyoyi. Baba kuwa da waya mai madannai yake yi, kuma ba ya karɓar albashi.

Na ce bari in buɗe lambar. Na buɗe, bayan na sha wahalar gano inda aka ɓoye wurin a wayar. Washegari Manaja bai kira ba. Jibi ma haka. Da alama zancen kabarin ya shige shi. Baba ya yanke hukunci ba tare da ya nemi shawarata ba: tunda ni na kore shi, ni zan maye gurbinsa. Ya sa na rubuta masa lambata a bayan wata takardar magani, da manyan baƙaƙe.

A nan na gane ɗaukar wa tsoho kaya ko tsallakar da shi titi wasan yara ne, domin yana da ƙarshe, a yi maka addu'a ka wuce. Sauraro kuwa ba shi da lokacin tashi. Kullum da safe sai na kira, in na makara shi zai yi mini filashin har sai na kira. Kuma duk abin da na yi, da Manaja ake auna ni. Na ce ina sauri, Manaja bai taɓa sauri ba. Na yi hamma, Manaja ba ya hamma. Ran nan ya ɗauko labarin motar, da yake na haddace shi sai na ƙarasa masa, na ce ai maƙwabcin ne ya faɗa kwata. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya ce, "Manaja kullum a daidai nan yake mamaki." Tun daga ranar nake mamaki a daidai nan, har salati nake haɗawa.

Gaskiya dai labaran ba su da laifi, in ka daina duba agogo. Mutumin ya ga duniya, kuma yana da bakin ba da labari. Har na fara jin kaina wani babban mutum, mai ceton tsoho daga sigari kara 15. Ina cikin wannan alfahari ne wata safiya na iso bencin ta bayansa, ta gefen kunnen da ba ya ji, na tarar yana waya da 'yarsa.

"A'a, ba na zama ni kaɗai. Akwai wani yaro da nake ɗan ɗebe wa kewa. Abin tausayi, da ganinsa ba shi da kowa. Kullum sai ya kira ni, ko gari bai gama wayewa ba. To ya zan yi? In na ƙi ɗauka ban san halin da zai shiga ba."

Na koma baya a hankali, na zagayo ta hagu, na yi gaisuwa kamar yanzu na iso.

A makon da ya wuce na kira da safe na ji layin a cike. Na sake kira, a cike. Hankalina ya tashi, na bar abin da nake yi na garzaya bencin. Ga Baba nan ya kishingiɗa, waya a kunnen hagu, fuska sai annuri, yana cewa, "Bakwai... af, ka tuna mini wani abu." Ya ɗaga mini hannu alamar in jira. Na jira har bas ɗina ta wuce.

Da ya gama ya ce Manaja ya dawo da sabuwar lamba, sun sasanta, saboda haka an mayar da ni yamma. Amma kada in kuskura in daina kira, domin ya lura ina buƙatar mutane.

"Ya ce in gaishe ka," in ji Baba. "Wai kai ma asusunka yana da 'yar matsala. Na ce zan ba shi lambarka, amma ɗaya-ɗaya."