Tayil ɗin bayan murhu: na Kano daban, na Legas daban

Shekara 9 ke nan ina zaune a Agege, sai bana Allah ya nufa muka gyara kicin. Maigidan ya sa aka ɗora mana kanta ta dutsen giranit, baƙi wuluk mai ɗigo-ɗigon ruwan zinare, wanda 'yan kasuwa ke kira Black Galaxy, daga Indiya ake kawo shi. Abin da ya rage shi ne bangon bayan murhu, ɗan tsirin nan da ke tsakanin kanta da kabad ɗin sama. Tsayinsa bai wuce santimita 45 zuwa 60 ba, amma duk fantsamar mai da tururin miya a kansa suke ƙarewa.

Yayata da ke Kano ta turo mini hoton nata a WhatsApp: ƙananan tayil kamar ƙwayar suga, fari da ruwan toka, an jera su reras. Ta ce, "Ƙanwata, irin wannan za ki sa, kada ki tsaya wani dogon tunani." Na ce, "Yaya, wallahi ya yi kyau, amma ba na gidana ba ne."

Dalilina shi ne, a gidan Yaya akwai tsakar gida. Suyar kifi, tuwon mutum goma sha, miyar taushen suna, duk a waje ake yi a kan murhun gawayi ko na itace, kamar yadda muka taso muka ga Inna tana yi. Kicin na ciki na shayi ne da ɗumame da girkin gaggawa. Ga iskar Kano busasshiya, damina 'yan watanni ce, babban abokin gabar bango ƙurar hunturu, ita kuwa tsumma ɗaya ya ishe ta.

Ni a bene nake, hawa na biyu. Babu tsakar gida, babu inda zan kai kasko. Manja, jajjagen attaruhu da tattasai, kifi, ƙosai, duk a ɗaki ɗaya mai 'yar taga da ke kallon bangon maƙwabci. Ruwa kuma a Legas daga Afrilu zuwa Yuli ba ya sassautawa, ya ɗan huta, ya dawo a Satumba da Oktoba, bango ba ya bushewa sosai. A gidan hayar da muka fara zama irin ƙananan tayil ɗin nan ne a kicin. Shi tayil bai taɓa ba ni wahala ba, farin simintin da ke tsakaninsu ne matsalar. Yana shan mai kamar soso. Layukan kusa da tukunya suka koma ja saboda manja, na bayan famfo suka yi baƙi da fumfuna. Da tsohon buroshin haƙori nake bin su ɗaya bayan ɗaya ranar Asabar, bayan mako biyu su koma yadda suke.

Don haka na zaɓi manyan tayil masu santsi, santimita 30 da 60, layukan haɗi kaɗan, aka cike su da siminti ruwan toka maimakon fari.

Batun launi kuwa, ra'ayina ɗaya ne kuma ina kansa: giranit dutse ne mai ado a jikinsa, idan aka ƙara masa bango mai zane sai ido ya rasa inda zai sauka. Wadda ta ɗaura atamfa mai manyan furanni ai mayafi mara zane take yafawa. Ki dubi ɗigon da ke cikin dutsenki, ki ɗauki launi ɗaya daga ciki. Ni ruwan madara na ɗauka, yana tafiya da ɗigon zinaren nan, kuma yana haska ɗakin ko an ɗauke wuta. Wani ya ba mu shawarar a hau da giranit ɗin har bango. Babu layin haɗi, gaskiya ne, amma ga tsada, ga baƙi a sama da ƙasa a ɗan ƙaramin kicin, sai ya zama kogo.

Da za mu je kasuwar kayan gini ta Orile, na roƙi mai yankan dutsen ya ba ni ɓallin da ya rage, na saka a jaka. A shago fitilu sun yi yawa, kowane tayil ƙyalli yake. Sai da na sayi ɗaya-ɗaya kala uku, na jingina su a bangon kicina, na duba da safe, na duba da daddare a hasken ƙwan ɗakin. Wanda ya fi burge ni a shago, a gida ya koma kamar rawaya.

Wani mai shago ya matsa mini in ɗauki mabul. "Hajiya, wannan shi ne na manya." Ban ɗauka ba. Mabul dangin farar ƙasa ne, duk abu mai tsami yana cin fuskarsa, lemun tsami, tsamiya, tumatir, ya bar tabo mara sheƙi da sabulu ba ya fitarwa. A gidan da ake kunun tsamiya da miyar dage-dage kullum, bai dace da bayan murhu ba.

Abu na ƙarshe da na tsaya a kai da mai sa tayil shi ne layin da bango ya haɗu da kanta. Ya so ya cike da siminti, na ce a sa silikon, wani abin liƙi mai laushi kamar roba, domin siminti a wurin tsagewa yake, ruwa ya bi ta nan ya ruɓar da katakon kabad. Ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, kin taɓa aikin nan ne?" Na ce a'a, kabad ɗin tsohon gidanmu ne ya ruɓe a gabana.