Dokar hana leda ba za ta ci ba sai mun iya yin abin ƙunshi a gida

Tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ke da dokar da ta hana ƙera leda maras kauri, da shigo da ita, da sayar da ita, har ma da ajiye ta. Amma duk wanda ya ratsa Kasuwar Dole ta Damagaram yau zai rantse ba a taɓa yin dokar ba. Mai tumatir leda, mai koko leda, mai gishirin dala biyar ma leda. Mahautan Damagaram sun fi kowa sanin inda take ƙarewa: a farke tumbin akuya a tarar da ledoji sun murɗe sun dunƙule, dabbar ta rame alhali kullum tana kiwo. Da damina kuma ita ke toshe magudanai, ruwa ya koma gidajen mutane.

Laifin ba na mai koko ba ne. An hana ta leda, ba a miƙa mata komai a madadinta ba. Ƙasar nan ba ta da masana'antar yin takarda. Littafin ɗan makaranta, takardar ofis, kwalin da ake zuba kaya, kusan duka daga waje suke zuwa, ko ta Kano, ko ta tashar jiragen ruwa mai nisan gaske. Mun ɗanɗana kuɗarmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyakoki: kaya suka maƙale a hanya, har abin da ake ƙunshe kayan ya yi tsada.

Abin ya fi yi mini ciwo idan na tuna da matan da ke sarrafa amfanin gona. Mace za ta kwana tana suyar ƙuli-ƙuli, ta tace man gyaɗa tas, ta shanya zogale a inuwa don kada ya dushe. Sai ta zuba man a tsohuwar gorar ruwa, ta ɗaure zogalen a farar leda. Ta kai kanti a ajiye kayanta kusa da na waje mai kwali mai hoto, mai saye ya wuce nata, ko da nata ya fi kyau. Kilishinmu da ake yabo har ƙasashen waje, sau da yawa a takardar buhun siminti ake naɗe shi.

Wasu za su ce to a gina babbar masana'antar takarda a nan, tunda an gina matatar man fetur ta SORAZ a 2011 kuma tana aiki. Ban yarda ba. Yin takarda daga itace na shan ruwa mai yawa, Damagaram kuwa gari ne da mata ke jera jarkoki a bakin famfo tun asuba. Itacen da muke da shi gawo ne da manoma suka raina da hannunsu a gonakin Magarya da Matamaye, ba na sara ba ne. Karan hatsi ma yana da masu shi: dabbobi da danni. Mu duba maƙwabta. Najeriya, da dazuzzukanta da kogunanta, ta gina manyan masana'antun takarda uku a Jebba da Iwopin da Oku-Iboku, kuma duk da haka yau mafi yawan takardar da take amfani da ita sayowa take yi.

Abin da ya dace da ƙarfinmu shi ne ƙananan wurare masu sayo takarda a dunƙule su yanka, su liƙa, su buga suna, su fitar da jaka da kwali daidai da bukatar mai kilishi da mai garin kunu. Tsofaffin kwalaye da takardun ofisoshi da ake ƙonawa a bola ana iya jiƙa su a matse su zama faifan ƙwai, kuma injin wannan aikin bai fi ƙarfin ɗan kasuwar garin nan ba. Ga kuma kaba: kwando da sanho da iyayenmu ke zuwa cefane da su har yanzu akwai masu saƙa su a ƙauyuka, ciniki ne kawai ya ja baya.

Ruwanda ta hana leda tun 2008, dokar kuma ta zauna, har jakar takarda ta zama abin da kowane kanti ke miƙa wa mai saye. Mu ma hukuma na da abin yi a hannunta. A sassauta kuɗin duwan a kan injuna da takardar da ba a yanka ba. A ba irin waɗannan wurare lantarki tsayayye, ko rancen sayen faifan hasken rana. Ma'aikatar magajin gari ta ware wurin tara tsofaffin kwalaye a bakin kasuwa, a riƙa sayensu a kilo, matasa su samu na kashewa. Jami'ar André Salifou da ke Damagaram ta sa ɗalibanta su gwada wace takarda ke jure maiƙon kilishi da zafin watan Afrilu. Sannan ofisoshin gwamnati da makarantu su fara sayen ambulan da kwali daga masu yi a gida, domin babu ɗan kasuwar da zai zuba miliyoyinsa a inji bai san wa zai saya ba.