Yadda Fijo ta babbake mini gemu a gaban surukina

Motar dai kun san ta, Fijo 504 ce haɗin Kaduna wadda na gada daga wurin kawu, kuma ta jima tana haɗa ruwa da baƙin mai. Da bakanike ya yanka mini kuɗin aiki, sai na wuce Ƙofar Ruwa na sayo gasket ɗin kan inji da fulogi huɗu da wayoyinsu, na buɗe bonet a ƙofar gida ranar Asabar. Na kwance kan inji, na kankare tsohon gasket, na ɗora sabo, na ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe kamar yadda ake yi, babu abin da ya gagare ni.

Duk wannan aiki a kan idon maƙwabcina na yi shi, tsohon direban nan da ya jawo bencinsa har gindin motar domin ya tuna mini cewa tun 1975 da aka fara haɗa irinta a Kaduna yake tuƙa ta. Bai miƙo mini ko tsumma ba, alhali sifanata mai lamba 13 tana gidansa tun babbar Sallah, kuma kullum na tambaya sai ya ce yara ne suka ɗauka. Lokacin da nake jera wayoyin fulogi bisa tsarin da wuta ke zuwa musu, wato 1 da 3 da 4 da 2, ina ƙirgawa daga wajen lagireto, na ji ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya ba da sa'a, injiniya."

Ana cikin haka sai ga surukina ya iso cikin farar babbar riga. Na durƙusa na gaishe shi da hannu baƙi ƙirin, na ce, "Baba, a ɗan tsaya, yanzu zan mayar da ku gida da kaina." Na cire murfin iska, na tsiyaya ɗan fetur a kafireto, na sunkuya a kai, sannan na ce wa ƙanena ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, sai ƙara kamar an harba bindigar toka, harshen wuta ya taso daga kafireto ya lashe rabin gemuna da gira ɗaya. Na ja da baya, na yi tuntuɓe da kwanon tsohon baƙin mai, na zauna daram a cikinsa, abin da ya fantsama kuwa a farar rigar Baba ya sauka. Bai yi faɗa ba, ya dubi rigarsa, ya dube ni, ya ce, "Sannu da aiki," kuma da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Yaron bakaniken nan da bai wuce sa'an ɗana ba ne ya zo wucewa, ya leƙa, ya ce, "Oga, ita wannan daga wajen giya ake fara ƙirga lamba ɗaya." Ya sauya wayoyin, motar ta tashi bugu ɗaya. Maƙwabcina ya ce ai shi tun ɗazu ya gani, bai dai so ya sa baki a aikin masana ba.

Baba ya ce kada in wahalar da kaina, a daidaita sahu ma ta isa.