Ku ba a tashinku daga makaranta ne?

Jiya wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare 'yata ta leƙo ɗaki, ta tarar da ni a tsakiyar takardun jarrabawa, ta ce, "Baba, ku ba a tashinku daga makaranta ne?" Na yi dariya, amma maganar ta kwana tana cin raina.

Jama'a na yi wa malamin jami'a kallon mai hutu, wai ya shiga aji awa biyu ya fito, shi ke nan. Ai shiga aji shi ne mai sauƙin. Ga makin takardu, ga duba kundin ɗaliban digiri na biyu da na uku, ga zaman kwamiti da ba ya ƙarewa, ga saƙonnin ɗalibai a WhatsApp har tsakar dare. Rana ta tafi. Amma in an zo ƙarin girma, abin da ya fi nauyi a ma'auni shi ne maƙalun da ka wallafa, da mujallar da ta buga su, tana cikin Scopus, wato rumbun da ke jera mujallun bincike da ake ji da su a duniya, ko ba ta ciki. To yaushe ake rubuta maƙalun? Da dare, da ƙarshen mako, da lokacin hutu. Nan gizo ke saƙar: lokacin iyali ake yanka a biya kuɗin zama farfesa, kuma ba wanda ya nemi izininsu.

Tun 1985 wasu masana biyu, Greenhaus da Beutell, suka ce aiki kan ci karo da gida ta hanya uku: lokaci, gajiyar da mutum ke kwasowa, da hali. Na ukun ne ya fi ba ni kunya. Wanda ya wuni yana neman kuskure da jan biro, in ya dawo gida sai ya ci gaba da yi wa mutanen gidan maki. Matata ta sha ce mini, "Malam, nan ba aji ba ne."

Abokan aikinmu mata kuwa nasu ya ninka. A 2020 da korona ta rufe makarantu, an ga yadda kason maƙalun da mata ke turawa mujallu ya ja baya, don reno da hidimar gida a kansu suka fi sauka. Amma ma'aunin ƙarin girma ɗaya ne da na maza.

Kada wani ya ce raki ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa ƙarewar kuzari da matsin aiki ke jawowa, wato "burnout" a Turance, matsala ce ta wurin aiki, alamominta gajiya marar wucewa, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. A 2021 ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bayyana cewa aikin awa 55 ko fiye a mako na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Malami nawa ne zai lissafa awanninsa tsakani da Allah ya tsaya ƙasa da haka a lokacin jarrabawa?

Abin da ke ba ni haushi shi ne maganin da ake kawo mana: taron bita kan yadda za a rage damuwa, a sa shi kuma ranar Asabar. Ni dai a ƙirga aikin kowa a rubuce, a ƙayyade ɗaliban da mutum ɗaya zai duba, a sa koyarwa mai kyau a ma'aunin ƙarin girma, a ɗauki ƙarin malamai.

Takardun nan saura tamanin, kuma ranar Litinin ake son sakamako. Na yi wa yarinyar alkawarin fita ranar Lahadi.